Haruffan da Suka Riƙe Al'umma: Armeniyawa, Jojiyawa da Harsunan Kudancin Kaduna

Sharhin yau zai ɗauke mu daga nan Kasuwan Magani zuwa tsaunukan Kaukasus, wurin wasu al'ummomi biyu da ba kasafai ake jin sunansu a labarai ba sai in yaƙi ya ɓarke, wato Armeniyawa da Jojiyawa.

A shekarar 1915, lokacin da ake korar Armeniyawa daga garuruwansu na gabashin ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wasu mata biyu masu gudun ceton rai suka tsinci wani littafi da aka kwaso daga gidan ibada na Arakelots, kusa da garin Mush. Littafin wa'azi ne da aka rubuta da hannu tsakanin 1200 da 1202, a kan fatun maruƙa kimanin 600, nauyinsa ya kusa kilo 28. Mace ɗaya ba za ta iya da shi ba, ga yunwa, ga tafiyar ƙasa cikin duwatsu. Kamar yadda ake ba da labarin, sai suka raba shi gida biyu, kowace ta goya rabi. Ɗaya ta isa Echmiyadzin, cibiyar cocin Armeniya, ta miƙa amanarta. Ɗayar ba ta kai ba. Kafin rai ya yi halinsa ta binne nata rabin a harabar wani coci a Erzurum, daga baya wani hafsan sojan Rasha ya gano shi. Yanzu an haɗa sassan biyu a Yerevan, a gidan adana tsofaffin littattafai da ake kira Matenadaran.

Me zai sa macen da ta baro gidanta da gonarta, ba ta san inda za ta kwana ba, ta ƙara wa kanta kilo 14 na busasshiyar fata? Amsar tana da tsawo, domin ta faro ne shekara 1,500 kafin wannan rana.

Armeniya da Jojiya maƙwabtan juna ne, a matse tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kaspiyan. Rasha na arewa, Turkiyya da Iran na kudu, Azarbaijan na gabas. Armeniya na da mutum kimanin miliyan 3, Jojiya kimanin miliyan 3.7, wato ko an haɗa su biyun ba su kai mutanen Jihar Kaduna na yau yawa ba. Daga birnin Yerevan ana hango dutsen Ararat da ƙanƙara a kansa, sunan da Littafi Mai Tsarki ya ambata a labarin jirgin Nuhu, ko da yake dutsen yana cikin iyakar Turkiyya yanzu. Duk daular da ta tashi a yankin sai ta bi ta kansu: Rumawa, Farisawa, Larabawa, Turkawan Saljuk, Mongolawa, Daular Usmaniyya, sannan Rasha. Al'ummomin da suka taɓa fin su ƙarfi a can, irin su Hittiyawa da mutanen Urartu, sun shuɗe har da harsunansu. Su kuwa suna nan, suna magana da harshen kakanninsu, suna kuma rubuta shi da haruffan da ba kowa ke da su ba sai su.

Bisa tarihin da cocinsu ke riƙe da shi, Armeniya ta ɗauki addinin Kirista a matsayin addinin ƙasa a shekarar 301, zamanin Sarki Tiridat na Uku, tun kafin Rum kanta ta yi haka. Sai dai an shafe kusan shekara 100 ana ibada da Girkanci da Suriyanci. Limamin coci ya karanta, tafinta ya juya wa jama'a da baki, ranar da babu tafinta kuwa manomi ya koma gida bai tsinci komai ba. A shekarar 387 Rumawa da Farisawa suka raba ƙasar tsakaninsu, na yamma suna karkata ga Girkanci, na gabas ga Suriyanci da Farisanci. Al'umma ɗaya tana shirin zama biyu, kowane rabi ya narke cikin wanda ya mallake shi.

A nan Mesrop Mashtots ya shigo. Tsohon soja ne kuma magatakardan fada, wanda ya ajiye aikin sarki ya shiga ƙauyuka wa'azi, ya gane wa idonsa cewa mutane ba sa fahimtar abin da ake karanta musu. Da goyon bayan shugaban coci Sahak da Sarki Vramshapuh ya tafi biranen ilmi na Edessa da Samosata, ya yi nazarin rubuce-rubucen wasu, a wajajen shekarar 405 ya dawo da haruffa 36, kowane sauti na harshen da harafinsa. Duk wanda ya san faman da aka sha a Zariya a shekarun 1930 kafin a sama wa Hausa haruffa masu ƙugiya, domin a bambanta "baki" da "baƙi" a takarda, zai gane girman aikin mutumin da ya zauna ya auna sautukan harshe gaba ɗaya. Mashtots bai tsaya ga haruffa ba. Ya buɗe makarantu, ya tura almajiransa manyan birane su koyi harsuna su dawo su yi fassara. Suka fassara Littafi Mai Tsarki, suka wuce ga falsafa da tarihi, har akwai littattafan marubutan Girkanci irin su Filo na Iskandariya da Yusebiyus da asalinsu ya ɓace, fassarar Armeniyanci ce ta adana wa duniya su.

Abin lura shi ne lokacin da wannan ya faru. A shekarar 428 Farisawa suka soke sarautar Armeniya. Shekara 23 kacal tsakanin samun haruffa da rasa gadon sarauta. Da Mashtots ya yi jinkiri, ya ce a bari sai ƙasa ta zauna lafiya tukuna, da wataƙila yau sunan Armeniyawa yana cikin jerin waɗanda ake tono tukwanensu a ƙasa. Shi ya sa har gobe cocin Armeniya ke ware rana guda a watan Oktoba ta bikin Tsarkakan Masu Fassara. Al'ummar da ke yi wa tafintoci biki ta san inda cibiyarta take.

A shekarar 451 Sarkin Farisa Yazdigard na Biyu ya nemi ya mai da su addinin Majusawa, aka gwabza a filin Avarayr, jagoransu Vardan Mamikonian ya faɗi a fagen fama. Sun sha kashi a yaƙin, amma a 484 Farisa ta amince su riƙe addininsu. Wannan jagora yana da 'ya mai suna Shushanik, kuma ita ce za ta kai mu Jojiya.

Jojiyawa sun karɓi Kiristanci a farkon rabin ƙarni na 4 ta hannun wata mace mai suna Nino, wadda ta shawo kan Sarki Miriyan. Harshensu ba dangin Armeniyanci ba ne, ba na Rashanci ba, ba na Turkanci ba. Gidansa daban ne, shi da 'yan'uwansa uku, Svan da Mingrel da Laz. Rubutunsu ma daban, mai zagaye-zagaye, haruffa 33 a yau. Mafi tsufan rubutun Jojiyanci da aka gano yana Falasɗinu, kusa da Baitalami, daga wajajen shekarar 430, sai na cocin Bolnisi na 494. Wa ya ƙirƙiro haruffan? Armeniyawa na cewa Mashtots ɗinsu ne, domin haka almajirinsa Koryun ya rubuta. Jojiyawa na cewa sam, Sarki Parnavaz ne, ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu. Gardamar maƙwabta ce da ba ta ƙarewa, kuma kada a ɗauka kullum a baki take tsayawa, domin a Disambar 1918 ƙasashen biyu sun ɗauki makami kan yankin Lori na kan iyaka. Duk da haka, mafi tsufan littafin adabin Jojiyanci da ya tsira, wanda wani limamin coci mai suna Yakob na Tsurtavi ya rubuta tsakanin 476 da 483, labarin Shushanik ne, 'yar Armeniyawan da aka aurar wa wani basaraken Jojiya, ya koma addinin Majusawa don neman fada a Farisa, ita ta ƙi bin sa har ta rasu a kurkuku. Adabin Jojiya da labarin 'yar maƙwabta ya buɗe ido.

Musulunci ma tsohon ɗan gida ne a can. Birnin Tibilisi ya yi kusan shekara 400 a hannun Musulmi, har da masarautarsa, kafin Sarki Dauda na Huɗu, wanda ake yi wa laƙabi da Magini, ya ci Turkawan Saljuk a Didgori a 1121, ya karɓe birnin a 1122. Da takobi ya shiga, an zubar da jini, wannan babu ɓoyewa. Amma abin da ya yi bayan ƙura ta lafa ya cancanci a tsaya a kansa, kuma Musulmi ne ya rubuta shi, masanin tarihi Ibn al-Azraƙ, wanda ya zauna a Tibilisi shekara 30 da wani abu bayan haka. Ya ce sarkin ya bar Musulmi su yi kiran salla da huɗuba a fili, ya hana a kai alade unguwarsu ko a yanka shi a kasuwa, ya buga kuɗi da rubutun Larabci, ya kuma sa harajin Musulmi ƙasa da na Kirista. Ya ƙara da cewa ya ga magajin Dauda, Sarki Dimitri, ya zo masallacin Juma'a ya zauna ya saurari huɗuba.

Kasuwan Magani ba ta bukatar a gaya mata ɗacin rikici. Ranar Alhamis 18 ga Oktoban 2018, faɗan da ya tashi a kasuwa ya ci mutum 55 bisa ƙidayar 'yan sanda, ya kuma bar gidaje da yawa, na Musulmi da na Kirista, cikin makokin da bai gushe ba. Saboda haka mutanen garin nan sun fi kowa sanin darajar abin da Dauda ya yi. Ƙananan ƙa'idoji ya kafa, waɗanda kowa zai iya gani da ido: me ake yankawa, a ina, wa zai biya nawa, wa zai yi ibada ba fargaba. Mai rinjaye ne ya ɗaure kansa da su, magajinsa kuma ya zo da ƙafarsa ya zauna a gidan ibadar waɗanda aka rinjaya.

Jikanyar Sarki Dimitri, Sarauniya Tamar, ta yi mulki daga 1184 zuwa 1213, kuma a zamaninta ne Shota Rustaveli ya tsara doguwar waƙar da ake kira Jarumi Mai Sanye da Fatar Damisa, baiti kimanin 1,600, kowane baiti layi huɗu, kowane layi gaɓa 16. Ga abin mamaki: babu Bajojiye ko ɗaya cikin manyan taurarin labarin. Sarkin Larabawa ne ya naɗa 'yarsa Tinatin a gadon sarauta. Ana cikin farauta aka hango wani baƙo a bakin rafi, sanye da fatar damisa, yana zubar da hawaye, da aka nufe shi sai ya ɓace. Tinatin ta tura masoyinta, sarkin yaƙi Avtandil, ya nemo shi. Bayan shekara uku ya same shi, ashe Tariyel ne, ɗan sarautar Indiya, da aka raba shi da masoyiyarsa Nestan. Avtandil ya jingine nasa auren, ya yi rantsuwar abota, su biyu da wani aboki na uku suka fasa ganuwar da aka tsare ta. Wannan labari na Balarabe da Ba'indiye shi Jojiyawa suka riƙa a matsayin madubin halinsu, suka haddace baitocinsa, har ya zama al'ada a sa kwafinsa cikin kayan ɗakin amarya. An fara buga shi a maɗaba'a a Tibilisi a 1712.

Su kuwa Armeniyawa, da masarautarsu ta ƙarshe ta faɗi a hannun Mamlukawan Masar a 1375, sai fatauci ya zama ƙasarsu. A 1604 Shah Abbas na Farisa ya kwashe mutanen garin Julfa ya kai su Isfahan, daga sabuwar unguwarsu suka shimfiɗa cinikin siliki daga Amsterdam har Manila. Kamar yadda fataken Hausa ba sa kafa zango a Gwanja ko Kumasi ba tare da masallaci da makarantar allo ba, haka attajiran Armeniya duk inda suka sauke kaya sai coci, sai makaranta, sai kuma injin ɗab'i. An buga littafin Armeniyanci na farko a Venis a 1512, cikakken Littafi Mai Tsarki a Amsterdam a 1666, jaridarsu ta farko kuma, Azdarar, a Madras ta Indiya ta fito a 1794. Afirka ma ta san su. Firayim Ministan Masar na farko, Nubar Pasha, wanda aka naɗa a 1878, Ba'armeniye ne. A 1924 kuma Ras Tafari, wanda ya zama Sarki Haile Selassie, ya ga wasu marayu 40 'yan Armeniya masu busa da kiɗa a birnin Ƙudus, ya ɗauko su zuwa Adis Ababa. Shugabansu Kevork Nalbandian ne ya tsara kiɗan taken Habasha da aka yi amfani da shi daga 1930 zuwa 1974.

Idan ana neman mutum ɗaya da ya haɗa al'ummomin nan a bakinsa, to Sayat-Nova ne. Ba'armeniye ne haifaffen Tibilisi, makaɗin fadar Sarkin Jojiya Erekle na Biyu, wanda aka kashe a 1795 lokacin da sojojin Farisa suka ƙona birnin. Waƙoƙinsa fiye da 200 sun tsira, wasu da Armeniyanci, wasu da Jojiyanci, mafi yawa kuma da Turkancin Azarbaijan, harshen da kowa ke ji a kasuwannin yankin a wancan zamani. Yin waƙa da harshen kasuwa bai sa ya yar da na gida ba. Mu ma muna da irinsa a Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 bayan ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, kowane da masu sauraronsa. Tsohuwar unguwar da Sayat-Nova ya tashi tana nan a Tibilisi: cocin Jojiyawa, cocin Armeniyawa, majami'ar Yahudawa da masallaci, duk cikin 'yar tafiyar ƙafa. Tun da gwamnatin Sobiyet ta rushe masallacin 'yan Shi'a a farkon shekarun 1950 don gina gada, Sunni da Shi'a a masallaci ɗaya suke salla.

Sai kuma babbar musiba. Daren 24 ga Afrilun 1915, gwamnatin Daular Usmaniyya ta kame manyan Armeniyawan Istanbul fiye da 200, marubuta, malamai, likitoci da limaman coci. Da masu alƙalami aka fara. Mawaƙa irin su Daniel Varoujan da Siamanto ba su dawo ba. Daga nan aka tasa mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Deir ez-Zor ta Siriya. Masana na ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 600,000 da miliyan 1.5. Armeniyawa da ƙasashe da dama na kiran abin kisan ƙare dangi, Turkiyya kuwa har yau ba ta yarda da wannan suna ba. Duk mai son ya mai da labarin faɗan Musulmi da Kirista kawai, tarihi zai ba shi kunya, domin Sharif Husaini na Makka ya fitar da takarda yana umartar a kare Armeniyawa kamar yadda mutum ke kare iyalinsa, kuma gidajen Larabawa da yawa sun ɗauki marayu sun rene su.

Cikin waɗanda aka kama a wannan dare har da wani limamin coci masanin kiɗa, Komitas. Shekaru kafin haka ya riƙa bin ƙauyuka da takarda da alƙalami, yana zama kusa da mai huɗa da mai sussuka da mai rarrashin jariri, yana rubuta abin da suke rerawa. Ya tattara waƙoƙi fiye da 3,000, bai kuma tsaya kan na danginsa ba, domin shi ne ya fara buga tarin waƙoƙin Kurdawa a 1903. An sake shi da rai, amma abin da ya gani ya taɓa masa hankali, ya ƙare kwanakinsa a asibiti a Faransa a 1935. Waƙoƙi kimanin 1,200 ne suka tsira daga tarinsa. Wasu daga cikin ƙauyukan da ya ji su a ciki kuwa babu su.

Wannan ya kamata ya hana mu barci a nan. Hare-haren shekarun baya-bayan nan sun tayar da ƙauyuka a Kajuru da Kachia da Zangon Kataf, sun kuma tarwatsa rugagen Fulani. Ana ƙirga gawa, ana ƙirga gidajen da aka ƙona, amma ba mai ƙirga waƙar daka da ta bi tsohuwa kabari a gidan ɗan'uwa a Kaduna, ko sunayen itatuwa da magungunan da dattijo ya sani da harshen Adara, jikansa kuwa bai taɓa ganin dajin ba. Abin da Komitas ya yi da alƙalami, yau wayar da ke aljihun kowane saurayi za ta iya yin sa cikin yammaci ɗaya.

Kuma ba sai da bindiga harshe ke mutuwa ba. Zuriyar waɗanda suka tsira a 1915 sun watsu a Beirut da Halab da Marsai da Los Anjeles, sun yi arziki, sun gina coci-coci, amma a 2010 hukumar UNESCO ta sa karin harshensu, Armeniyancin Yamma, cikin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Dalilin a bayyane yake: kaka na magana da shi, uwa na ji amma tana amsawa da Faransanci ko Turanci, jika kuwa sai gaisuwa. Duk wanda ya shiga gidajen 'yan Kudancin Kaduna a Sabon Tasha ko Narayi ya san wannan tsari, sai dai a sauya sunan harsunan.

Yadda aka iso nan sananne ne. Masu mishan da suka sauka a Kwoi da Kagoro a farkon ƙarni na 20 sun tarar da harsuna barkatai, suka ga Hausa ce gadar da ta fi sauƙi, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, kasuwa da ofishin En'e suka ƙara wa Hausa ƙarfi, makarantar boko ta zo da Turanci. Hausa ba ta yi laifi ba. Ita ce ke sa mutumin Adara da Bagwari da Bafulatani da Ba'igbo su daidaita kan kuɗin buhun citta ko masara ba tare da tafinta ba, kuma da ita ake wannan sharhi. Amma harshen da aka bar wa tsofaffi kawai, ba a karanta shi, ba a rubuta wasiƙa da shi, ba a koya wa yaro ƙirga da shi, kwanansa ƙirgagge ne. Al'ummomin yankin sun yi nasarar dawo da sunayensu na asali, Adara maimakon Kadara, Atyap maimakon Kataf, Bajju maimakon Kaje, Ham maimakon Jaba. Bukukuwan Afan a Kagoro da Tuk Ham a Kwoi na tara dubban mutane kowace shekara. Sai dai rawa da kayan gargajiya na kwana ɗaya ne, harshe kuwa na kullum ne.

Jojiyawa sun taɓa tsayawa daidai wannan gaɓa. Bayan Rasha ta haɗiye ƙasarsu a 1801, Rashanci ya zama harshen ofis da makaranta da neman matsayi. Abin da ya juya lamarin ƙaramin littafi ne. A 1876 wani malamin makaranta, Yakob Gogebashvili, ya fitar da littafin koyon karatu na yara mai suna Deda Ena, wato harshen uwa. Darasin farko haruffa biyu ne kawai, amma da su yaro ke haɗa jimla mai ma'ana a ranarsa ta farko, ya koma gida yana jin ya iya karatu. A 1879 shi da marubuci Iliya Chavchavadze da wasu suka kafa ƙungiyar yaɗa karatu da rubutu tsakanin Jojiyawa, suka buɗe makarantu da ɗakunan karatu da kuɗin karo-karo, ba su jira gwamnatin da ba ta so ba.

An ga amfanin wannan shuka bayan shekara 100. A 1978 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka shirya sabon tsarin mulki wa Jojiya, suka cire sakin layin da ya ce Jojiyanci ne harshen hukuma. Ranar 14 ga Afrilu dubban mutane, akasari ɗaliban jami'ar Tibilisi, suka cika titin Rustaveli har ƙofar majalisa, a ƙasar da zanga-zanga kan iya kai mutum kurkuku ko kabari. Shugaban jam'iyya mai mulki a Jojiya na lokacin, Eduard Shevardnadze, ya tuntuɓi Mosko, ya fito ya shaida wa taron cewa an bar sakin layin yadda yake. Abu ne da ba a saba gani ba a waccan daula. Har yau 14 ga Afrilu ce ranar harshen uwa a Jojiya, kuma a Tibilisi akwai mutum-mutumin da aka kafa don girmama littafin 'yan aji ɗaya.

Kudancin Kaduna ba daga sifiri za ta fara ba. An buga Sabon Alkawari da harshen Jju tun 1982, na Tyap ya fito a 2015, a 2022 kuma matasa 'yan sa-kai suka kai Tyap ga samun nata shafin Wikipedia, suna rubutu kan kimiyya da tarihi da wasanni da haruffa masu ja-layi a ƙasa waɗanda sai an yi dabara kafin waya ta buga su. Wannan shi ne aikin almajiran Mashtots, waɗanda suka fara da littafin ibada suka zarce zuwa sauran ilmi. Inda giɓin yake shi ne ƙasa, wajen yaro ɗan shekara shida: littafin aji ɗaya mai araha da harshen Adara, da Gbagyi, da Hyam, da Fulatanci, wanda za a iya saya a rumfar mai littattafai ranar kasuwa tare da sabulu da gishiri. Majami'u da masallatai da ƙungiyoyin ci gaban gari da ke tara miliyoyi don bikin shekara za su iya ɗaukar nauyin bugun farko, gidajen rediyon jiha kuma su ba da rabin sa'a a mako a karanta shi da murya. Masu rubutawa ma ba sai an je nesa ba. Gogebashvili ɗan limamin ƙauye ne da ya koyi aikin malanta, kuma Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan suna yaye irinsa kowace shekara.